Majigi a bangon gari: fuskar da ka ɗauka ta wa ce?

Tambaya: Malam, na haɗa bidiyo na minti 8, ba labari ba magana, hannuwa da fuskokin ƴan Babbar Kasuwa ne kawai, na rage musu gudu. Ina so in haska shi a bangon wani bene kusa da shataletalen Maourey. Tsorona kar ƴan sanda su ƙwace majigin, don na aro ne. Abokaina a fada sun ce titi na kowa ne, ba sai na tambayi kowa ba. Daga wani matashi a Bukoki, Yamai.

Amsa: Ƙanena, majigin aro shi ne ƙaramin abin tsoro a maganarka. Ka fara da mai bangon, sai mai unguwa, sai takarda zuwa ofishin magajin garin da'irarku (Yamai tana da 5), ka kai kwafi komisariya. Za ka sha "dawo gobe", wani ma ya tambaye ka biki ne ko talla, domin ba su da layin rubuta irin aikinmu. Ka fara zirga-zirgar wata guda kafin ranar. Shataletale kuwa ka manta da shi: ɗan kabu-kabu ya ɗaga kai na daƙiƙa biyu ya isa a kwashi mutum zuwa asibiti.

Yanzu zancen ƴan fadarku. Wallahi na gaji da jin "titi na kowa ne". Kusan kowane yaro da ya riƙe kyamara da ita yake zuwa mini, kuma daga bakin waɗanda ba su taɓa tsayawa gaban bango sun ga idon jama'a ba yake ɗauko ta. Titi na kowa ne, na ji. Fuskar mai sayar da tumatir fa, ita ma ta kowa ce? Matar da ta fito neman na cefane, ba ta fito don ta wayi gari kanta ya kai tsayin mita 4 a jikin bene ba.

Ni ma na taɓa yin wannan wautar. Na ɗauki wata dattijuwa tana ƙirga canji, tana lasar yatsa, na rage gudun hoton har ya yi kyau a idona. Daren da na haska, sai yara suka gane ta, suka hau kiran sunanta suna dariya. Tana can gefe da tirenta. Ta ja lulluɓi ta rufe fuska ta wuce, ba ta ce mini uffan ba. Washegari ɗanta ya zo, kuma ba da sallama ya zo ba. A ɗakin nuni mutum ya shigo da niyyar kallon fasaha. A titi kuwa maƙwabta ne, surukai ne, masu bin bashi ne ke kallo, kowa da waya a hannu. Kafin ka naɗe wayar wuta hoton ya zaga WhatsApp da wani bayani da ba kai ka rubuta ba. Kuma ka sani akwai hukumar HAPDP mai kare bayanan mutane, hoton fuska yana cikin abin da ya shafe ta. Kiɗan wani in ka ɗora, wannan kuma maganar BNDA ce, ofishin kare haƙƙin mawaƙa da marubuta. Cewa "ai kyauta nake nunawa" ba ta wanke ka.

Wa ya ce ma sai da fuskar mutane ake aiki mai ƙarfi? Marigayi Moustapha Alassane, mai shirya finafinan nan da ya daɗe zaune a Tawa, da fitila da inuwa ya fara, kuma da zanen kwaɗi ya yi wa masu mulki shaguɓe. Hannuwan da ka ɗauka kaɗai sun isa su riƙe minti 8.

Na'ura kuma: nemi mai lumen ANSI (ma'aunin ƙarfin hasken majigi) 3,000 ko fiye, kar kwalin ƴan ƙananan majigin nan mai cewa 9,000 ya ruɗe ka. Jira sai bayan isha'i, a bangon da fitilar titi ba ta dukansa, ka kakkaɓe matatar ƙura in lokacin hunturu ne, kar kuma ka bari wani ya jona maka wuta daga turken kamfanin lantarki na NIGELEC.

Amma kafin duk wannan, koma kasuwa da wayarka. Nuna wa kowa nasa hoton, ka faɗa masa da Hausa ko Zabarmanci wane bango ne, wane dare ne. Wanda ya ce a'a, ko ya yi shiru ya kau da kai, ka yanke shi daga bidiyon.