Ana ce mini miskila, shin ba ni da basirar zuciya ke nan?

Anti, ina aji biyu a jami'a a nan Katsina. Mu huɗu ne a ɗaki. Ni ba ni da yawan magana, ana ce mini miskila. Ɗaya daga cikinmu kuwa faran-faran take da kowa, har masu gadi sun san sunanta. Rannan ta ƙarar mini da kananzir a risho ba ta tambaye ni ba, na yi sati biyu ban kula ta ba. Da malaminmu ya yi bayanin basirar tafiyar da zuciya, sai ƙawayena suka ce ita ce mai ita, ni ban da ita. Wai hali ne ke kawo ta?
Ɗaliba daga Ƙofar Ƙaura

'Yata, ƙawayenki sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. A 1990 ne wasu masana biyu a Amurka, Peter Salovey da John Mayer, suka fayyace wannan basira: mutum ya gane abin da ke motsi a ransa da ran wani, ya kuma iya sarrafa shi. Babu inda suka ce sai mai surutu.

Hali kuwa, masana sun fi kasa shi kashi biyar: son cuɗanya, sauƙin kai, tsari da riƙon aiki, son sabon abu, sai saurin shiga damuwa. Idan aka raba wa ɗalibai takarda su auna basirar zuciyarsu da kansu, masu son cuɗanya sukan ba kansu maki mai yawa, masu yawan damuwa su ba kansu kaɗan. To amma ai mutum ne ke yabon kansa. Idan aka yi gwajin gaske, a nuna maka fuska a ce me mai ita ke ji, sai alaƙar da hali ta ragu ƙwarai. Ga misali a ɗakinku: mai faran-faran ɗin ta kwana da ke sati biyu kina cika kina batsewa. Ta gane kuwa?

Sai dai ke ma ba zan wanke ki ba. Mu Katsinawa ana mana kirari da ɗakin kara, kuma kara abu ne mai kyau. Amma mai kara yana kau da kai ne ya bar maganar. Ke kin haɗiye ta ne, ga ta nan tana cin ki, har ta biyo ki cikin wasiƙa. Wannan ƙullata ce. Ni ma na yi irinta ina ɗaliba, a kan bokitin ruwa, wadda na yi dominta ma ba ta san ina yi ba.

Kar kuma a tsorata ki da hali zanen dutse. Bincike ya nuna daga shekara 20 zuwa 30 mutane sukan ƙara tsari da natsuwa, damuwa ta ragu. Shiru-shirunki mai yiwuwa ya zauna, ba kuma laifi ba ne.

In ranki ya ɓaci, fara kiran abin da sunansa. Fushi ne, ko jin an raina ki? Ina zaton na biyun ne, don kananzir na kwalba ɗaya bai kai gabar sati biyu ba. Sannan ki same ta ita kaɗai bayan sallar isha'i, ki ce: "Wance, ban ji daɗin yadda kika taɓa rishona ba ki faɗa mini ba. Gobe ki tambaye ni, ba zan hana ki ba." Ki rubuto mini abin da ta ce.