Shin yawan ambato ya isa ya nuna tasirin mai bincike a ilimin ƙananan halittu?

Tambaya: Malam, ina karatun digiri na biyu a fannin ƙananan halittu, kuma ina neman farfesan da zan yi digiri na uku a ƙarƙashinsa. Abokaina sun ce in duba lambar "h" ta kowa a Google Scholar, shafin neman maƙalolin bincike, wanda tasa ta fi girma shi ne gwani. Shin haka abin yake?

Amsa: Allah ya ba ka sa'ar abin da ka sa gaba. Lambar da abokanka suke nufi wani masanin fiziya na Amurka mai suna Jorge Hirsch ne ya ƙirƙiro ta a shekarar 2005, kuma lissafinta mai sauƙi ne: idan aka ce lambar mutum 20 ce, yana da maƙaloli 20 waɗanda aka ambaci kowace ɗaya a cikinsu aƙalla sau 20 a rubuce-rubucen wasu. Tana nuna cewa mutum ya daɗe yana aiki kuma ana karanta shi, amma tana fifita dattijo a kan matashi, kuma ba ta bambance ambaton yabo da ambaton gyara kuskure.

A fanninmu akwai wata matsala ta daban, domin maƙalar da ta koyar da hanyar yin gwaji tana tara ambato fiye da wadda ta sauya tunanin masana. Maƙalar Oliver Lowry da abokan aikinsa ta 1951 kan auna yawan furotin an ambace ta fiye da sau 300,000, saboda kusan duk wanda ya auna furotin da hanyarta a ɗakin gwaji sai ya kira sunanta.

Misalin da nake ba ɗalibaina shi ne Carl Woese na Jami'ar Illinois. Kafin aikinsa, ana rarraba bakteriya ne ta siffarsu a ƙarƙashin madubin ƙara girma da kuma irin abincin da suke ci, kuma wannan bai isa ya nuna wa ke da dangantaka da wa ba. Woese ya zaɓi wani yanki na RNA (sinadari ɗan'uwan DNA) da ake kira 16S, wanda ke cikin ribosom, wato injin da ƙwayar halitta ke ƙera furotin da shi, saboda kowace halitta tana ɗauke da irinsa kuma yana sauyawa a hankali ƙwarai cikin zamunna. Ya shafe shekaru yana karanta ɗigo-ɗigon gutsattsarin wannan RNA a kan takardun hoton gwaji da idonsa, yana kwatanta na halittu daban-daban. A 1977 shi da George Fox suka wallafa a mujallar PNAS cewa ƙwayoyin da ke fitar da iskar mitan, irin waɗanda ke zaune a tumbin shanu, ba bakteriya ba ne, wani reshe ne na rayuwa mai zaman kansa. A 1990 shi da Otto Kandler da Mark Wheelis suka raba rayuwa gida uku, suka raɗa wa sabon reshen suna Archaea.

Manyan masana sun ja da shi, har Ernst Mayr ya rubuta suka a kan rabon nan a 1998. Woese ya rasu a 2012 bai samu lambar yabo ta Nobel ba, ko da yake ya karɓi ta Crafoord a 2003. Amma yau duk ɗalibin da ya ɗebo ruwan rijiya ko ƙasar gona yana son sanin waɗanne ƙwayoyi ke ciki, yawanci da 16S yake farawa, kuma ta hanyar da masanin ƙananan halittu Norman Pace ya faɗaɗa ana gane ƙwayoyin da ba a taɓa iya renon su a faranti ba. Yawancin masu wannan aiki ba sa ambaton maƙalar 1977, don haka babban kaso na tasirinsa ba ya shiga lissafin kowace lamba.

Shawarata ita ce ka ɗauki maƙaloli uku na kowane farfesa, musamman waɗanda sunansa ya zo a farko ko a ƙarshe, domin a fanninmu na ƙarshe shi ne yawanci jagoran ɗakin gwajin. Ka karanta su da kanka, ka duba ko masu ambatonsa sun gina aikinsu a kan nasa ne ko sun jera sunansa kawai a gabatarwa, sannan ka bincika inda ɗalibansa na baya suke aiki yanzu.