Tambayoyinku: gyara akwatin zaɓi a manhajar Android

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina haɗa manhajar rajistar ɗalibai a Android Studio, na sa Spinner, wato akwatin zaɓi mai saukar da jeri, don a riƙa zaɓar jiha. Na canza launi da girman rubutu, akwatin ya yi kyau, amma da jerin ya sauko sai ya fito da tsohon kamanninsa. A wayar ƙanena ma rubutun ba ya ganuwa. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Barka kadai. Spinner fuska biyu gare shi, kai kuwa ɗaya ka gyara. Akwai kamanninsa a rufe, akwai na layukan da ke saukowa. Fayil ɗin da ka ba ArrayAdapter, wato adaftar da ke zuba sunaye cikin akwatin, shi ke kula da na farko. Na biyun setDropDownViewResource ne ke da iko da shi, kuma kusan kowa simple_spinner_dropdown_item yake kwafowa ya liƙa a wurin, wanda na Android ne, bai san da launinka ba.

Ka buɗe sabon fayil a res/layout, ya kasance TextView, wato gurbin nuna rubutu, kaɗai ne a ciki. Tsayin layi kada ya gaza 48dp, don babban yatsa ya samu wurin sauka; tazarar gefe 16dp, rubutu 16sp (dp da sp ma'aunan girma ne a Android). Sai ka miƙa wa setDropDownViewResource sunansa. A kula: in ka naɗe TextView ɗin cikin LinearLayout ba ka faɗa wa adaftar id ɗinsa ba, manhajar rufewa za ta yi nan take. In kana son ƙaramin hoto kusa da kowane suna, ka rubuta adaftarka, ka gyara getView da getDropDownView duka biyu.

Wayar ƙanenka kuwa, da alama yanayin duhu ya kunna, wanda ya zo tun Android 10 a 2019. Ka ɗaure rubutu da baƙi, bayan jerin ya bi waya ya yi duhu, baƙi ya hau baƙi. Ka sa launukanka a res/values, ka yi takwarorinsu a res/values-night, sannan ka ba popupBackground, wato bangon jerin, launi daga can. Kuma in ka sauya salon haruffa, gwada shi da “Ƙaramar hukuma”. Wasu ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai ka ga harafi ɗaya ya fita daban a tsakiyar kalma.

Tambaya: Da an buɗe shafin sai Abia ta zaɓi kanta, alhali ba wanda ya taɓa komai.

Amsa: Halinsa ke nan. Spinner ba ya zama fanko, abin da ke lamba 0, wato na farko a jeri, yake ɗauka, kuma yana kiran onItemSelected tun shafin na buɗewa. Ka sa “Zaɓi jiha” a farkon jeri, ka yi watsi da lamba 0, ka sa isEnabled na adaftar ya mayar da false a kanta.

Amma in sabon aiki ne, ni shawarata ka bar Spinner, ka ɗauki TextInputLayout mai salon ExposedDropdownMenu da AutoCompleteTextView a cikinsa. Yana da rubutun jagora da saƙon kuskure nasa na kansa. Sa inputType ya zama none don kada madannai su taso. Tarkonsa ɗaya: duk lokacin da za ka cika shi da setText, ka ƙara false a bayan rubutun, in ba haka ba zai tace jerin, ka buɗe ka tarar da jiha ɗaya tak.

Tambaya: Zan iya zuba duk ƙananan hukumomi a jeri ɗaya?

Amsa: Zai ɗauka, amma wa zai zauna yana jan layi 774? Yi akwati biyu: na farko jihohi 36 da Abuja, na biyu ya cika da na jihar da aka zaɓa. Kano ce ta fi yawa, ita ma 44 ce. Da an sauya jiha, ka share na biyun da clear, ka zuba sababbi da addAll, ka mayar da zaɓin farko, kada mutum ya tura Katsina da Fagge. Ka gina adaftar da ArrayList, domin wadda aka gina kai tsaye daga array ba ta yarda da clear, UnsupportedOperationException za ta jefo maka. Wajen adanawa kuma, suna ko lambar shaida za ka ajiye, ba matsayinsa a jeri ba, don ranar da ka sake tsara jerin duk tsofaffin bayanan za su koma nuna wani wuri.