Me ya sa jinin zomayenka bai ƙaru ba?

Ɗan'uwa, ka ce a gwajinka na jami'a nan Khartoum ka yi wa lafiyayyun zomaye allurar ruwan jinin zomon da aka ɗebi jininsa, amma jajayen ƙwayoyin jininsu ba su ƙaru ba.

Masu bincike Carnot da Deflandre ne suka fara wannan gwaji a Faransa a 1906. Idan iskar oksijin ta ragu a jini, ƙoda kan saki sinadarin eritropoyetin, shi kuma ya zaburar da ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyi. Wannan sinadarin ne ke cikin ruwan jinin zomon da aka ɗebi jininsa. Sai dai ɗan ruwa kaɗan ba ya isa. Da ruwan jini mai yawa wani mai bincike, Erslev, ya tabbatar da abin a 1953.

Kada ka ƙirga washegari. Jira kwana 3 zuwa 5, ka ƙirga sababbin jajayen ƙwayoyi, ka kwatanta da zomayen da ba a taɓa ba. Adadin jinin da za a ɗiba kuwa, don Allah bar wa likitan dabbobi da malaminka.