Dekin: katako ne ko kankare?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gida a Garin Malam, ɗaki biyu da falo, ginin bulo da rufin kwano, zafi ya ishe mu. Ɗana ya nuna mini bidiyo a waya, Turawa suna lulluɓe saman gida da allunan katako kafin su sa rufi, ya ce sunansa dekin. Ni kuwa dekin da na sani a bakin Kanawa zubin kankare ne. Wanne ne daidai, wanne kuma zai yi mini?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kai da ɗanka duk kuna kan daidai. Kalmar tana nufin shimfiɗar da ke tsakanin ƙashin rufi da abin da ruwa ke sauka a kansa. A Amurka allunan katako ne, kowane mita 1.22 faɗi, 2.44 tsawo, a kafa su da ƙusa kan itatuwan rufi, a bar tsaga ta milimita 3 a tsakani don katako na kumbura. Dole ce ta sa su: abin da suke rufi da shi fallaye ne masu laushi na kwalta, ba sa tsayuwa da kansu. Kwano kuwa yana da ƙarfinsa. A nan Damagaram, in ka sa wannan katakon, ka kashe kuɗi ne ka yi wa gara walima.

Mu ma muna da namu tun kaka da kakanni. Shiga tsohon soro a Birni ka ɗaga kai. Azarar giginya ce a jere, a kanta zana ko asabari, sannan ƙasa, sannan laso. Wannan zanar ita ce dekin ɗinmu. Dalilin da ya sa ɗakunan da can ba su da faɗi ke nan, azara ba ta ƙetare fiye da kimanin mita biyu sai an yi mata dabara, kamar ɗaurin guga, wato ginin baka da ke tallafe rufin daga ciki.

Na Kanawa shi ne muke ce wa dal, kuma na san can hankalinka ya karkata. To, tsaya ka ji nauyinsa. Kankare mai ƙarfe a ciki kilo 2,500 ne kowace mita kubik. Dal mai kaurin santimita 12 kilo 300 ke nan a kan kowace murabba'in mita. Ɗaki mai mita 4 da 4 zai ɗauki kusan ton 5. Bangon da aka yi don kwano, sau da yawa ba ginshiƙan ƙarfe, ba ɗaurin sama, tushen ma bai nutsa ba. Irinsa ba ya faɗuwa ranar zubi, sai an kwana biyu tsaga ta fara fita daga kusurwar taga. Zubi kan bulo mai rami, wanda ake kira urdi, ya fi sauƙin nauyi, amma shi ma yana son ginshiƙi.

In tushen ya isa, siminti buhu 7 na kilo 50 ake sa wa mita kubik, kada magini ya rage maka da sunan tausayi. A ɗaga ƙarafa daga katakon zubi da santimita 2 zuwa 3 don kankare ya rufe su, in ba haka ba tsatsa ta kumbura su ta fasa dal daga ƙasa. A karkatar da saman, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, zuwa indararo. Ruwanmu ba shi da yawa a shekara, amma na Agusta a guje yake zuwa, kuma duk inda ya kwanta sai ya nemi hanya.

Inda na fi ganin ana asara shi ne ban ruwa. Kankare ba bushewa yake so ba, jiƙa yake so, aƙalla kwana 7, kuma sai ya yi kwana 28 yake cika ƙarfinsa. Kowa ya san halin ruwa a garin nan. Na taɓa ganin dal da aka zuba a Afrilu, famfo ya ɗauke washegari, kafin sati ya dardare kamar busasshen tabki. Ka cika tanunka tun kafin ranar zubi, ka shimfiɗa jiƙaƙƙun buhuna a sama.

Sai dai ka ce zafi ne damuwarka, kuma dal ba maganinsa ba ne. Da rana ya fi kwano sanyi, amma yana shan rana wuni guda ya amayar da ita cikin ɗaki da dare. In ba bene kake nufin ɗorawa ba, bar kwanonka, ka sa silin, ka buɗe ƙananan kafofin iska a bango tsakanin silin da kwano, ka shafa wa kwanon farin fenti. In kuwa benen ne a ranka, nemo masanin gini ya tona gefen tushe ya duba kafin ka sayi ko sandar ƙarfe ɗaya.