Tambaya da Amsa: Sai da Katin Ƙungiyar Harbi Ake Sayen Ƙaramar Bindiga?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Jamus, kuma wasan harbin auna bara ya shiga raina. Wani ya ce mini ba za a sayar mini da ƙaramar bindiga, wato ta riƙewa da hannu ɗaya, ba sai na zama ɗan ƙungiyar harbi, wani kuma ya ce lasisi kawai ake bukata. Wane ne mai gaskiya a cikinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A Jamus na farkon ne mai gaskiya, sai dai shi ma bai ƙarasa maka zancen ba. Abin da hukuma take nema shi ne hujjar cewa kana da bukatar bindigar, kuma ga ɗan wasa hujjar nan ta hannun ƙungiya take fitowa. Katin shiga ƙungiya shi kaɗai ba ya isa. Sai ka shafe wata 12 kana harbi a ƙungiyar da ke ƙarƙashin ɗaya daga cikin manyan haɗaɗɗun ƙungiyoyin da gwamnati ta amince da su, irin su Deutscher Schützenbund. A cikin wannan shekarar, ko dai ka yi harbi sau ɗaya a kowane wata ba fashi, ko kuma sau 18 gaba ɗaya. A nan mutane da yawa suke tuntuɓe. Wanda ya ɗauki tsarin sau ɗaya a wata, ya yi tafiya ya tsallake wata guda, to lissafinsa ya koma na 18. Shi ya sa muke ba da shawara tun farko ka sa 18 a gaba. A duk wannan lokacin da bindigar ƙungiya za ka riƙa harbi, kuma duk zuwan da ka yi a rubuta shi a littafin harbinka, mai kula da fili ya sa hannu. Zuwan da ba a rubuta ba tamkar ba ka je ba ne.

Kafin shekarar ta cika sai ka zauna jarrabawar sanin makami, wadda ta ƙunshi doka, yadda bindiga take aiki, da gwajin riƙo da harbi. Bayan nan babbar ƙungiyar, ba ƙaramin kulob ɗin unguwa ba, ita za ta ba ka takardar shaidar bukata, a rubuce da irin bindigar da girman harsashin da wasanka yake nema. Da ita za ka je ofishin makamai na yankinka. Su kuma za su binciki tarihinka wajen 'yan sanda da hukumar tsaron cikin gida. Shekarun mai nema su kai 18 ga ƙaramin harsashi na .22 (faɗinsa ke nan a ma'aunin inci), 21 ga manyan harsasai, kuma wanda bai kai 25 ba sai ya kawo rahoton ƙwararre kan lafiyar tunaninsa idan babban harsashi yake so. Tun 2017 kuma sabon mai bindiga sai ya tanadi akwatin ƙarfe na ajiye bindiga mai ƙarfin da doka ta ƙayyade, wanda suke kira mataki na 0. Akwatin banza na kasuwa ba ya shiga.

In komai ya yi daidai za a ba ka koren katin mallakar makami, da izinin sayen takamaiman irin bindigar a rubuce a ciki. Izinin shekara ɗaya yake yi. Ka saya, kana da mako biyu ka koma a yi mata rajista. Kason farko na ɗan wasa ƙananan bindigogi biyu ne masu ɗaukar harsashi da yawa, kuma ba a sayen makami fiye da biyu cikin wata shida. Akwai wani abin da ya shafe ka musamman in ba ka daɗe da zuwa ba: doka ta ba ofishin damar ƙin ba da izini ga wanda bai yi shekara 5 yana zaune a ƙasar ba. Ka tambayi ofishinku wannan tun kafin ka biya kuɗin shiga ƙungiya.

Shi kuma abokinka na biyu wataƙila maharba ya gani. Mai lasisin farauta a Jamus yana iya mallakar ƙananan bindigogi biyu ba tare da ya taɓa shiga ƙungiyar harbi ba, don ƙarasa dabbar da aka raunata. Amma jarrabawar farautar tasu ba kanwar lasa ba ce, su da kansu suna ganin ta fi wahala.

Tambaya: Shin wannan sharaɗin na ƙungiya a ko'ina haka yake, ko Jamus ce kawai ta tsaurara?

Amsa: Ba ko'ina ba, amma Jamus ba ita kaɗai ba ce. Ostireliya ta ma fi ta tsanani. Bayan kisan Port Arthur na 1996, inda mutum 35 suka rasa rayukansu, aka wajabta wa duk mai neman lasisi ya kawo sahihin dalili, kuma aka fito fili aka ce kare kai ba ya cikin dalilan. Wanda ya rubuta hakan a takardar neman lasisi ya kashe maganar da hannunsa. Sai kuma harbin Jami'ar Monash a 2002, wanda ya jawo yarjejeniya ta musamman kan ƙananan bindigogi. A ƙarƙashinta ɗan wasa dole ya zama ɗan ƙungiyar da aka amince da ita, wata shida na farko ba ya mallakar komai sai harbi ƙarƙashin kulawa, sannan akwai adadin gasar da zai halarta kowace shekara, wanda jihohi suka ɗan bambanta a kai. Ita kanta bindigar an yi mata iyaka: faɗin harsashi kada ya wuce .38 sai ga wasu wasanni ƙalilan da aka yarje wa .45, bututun mai sarrafa kanta kada ya gaza milimita 120, na libarba, wato mai gidan harsashi mai juyawa, milimita 100, gidan harsashi kuma kada ya ɗauki fiye da 10. Bayan lasisi, kowace bindiga tana da nata izinin saye, na farkon kuma sai an jira kwana 28.

Faransa da Holan da New Zealand duk a wannan layi suke, ɗan wasa sai ta ƙofar ƙungiya. Kanada kuwa labarinta ya sauya. A da dokar tarayya ba ta ambaci ƙungiya ƙarara ba, cewa ta yi mai saye ya bayyana ko don wasan harbin auna bara ne ko don tara kayan tarihi, amma jami'an makamai na larduna sukan nemi katin ƙungiya a matsayin shaida, shi ya sa jama'a suka ɗauke shi tamkar doka. Lardin Kebek ne ya rubuta shi a dokarsa. Yanzu duk wannan muhawarar ta zama tarihi ga yawancin mutane, domin tun 21 ga Oktoba 2022 aka dakatar da saye da sayarwa da miƙa ƙananan bindigogi ga ɗaiɗaikun mutane, aka kuma sa shi cikin doka a Disamba 2023. Waɗanda dakatarwar ba ta shafa ba su ne masu izinin ɗaukar makami saboda aikinsu, da masu horo ko gasa a wasannin harbi na Olamfik da na naƙasassu, su ma da wasiƙa daga hukumar wasan. Ɗan ƙungiya na gama-gari ba ya ciki.

A Ingila da Sukotilan da Wales ma katin ƙungiya ba ya buɗe ƙofa. Bayan kisan yara 16 da malamarsu a garin Dunblane na Sukotilan a 1996, dokokin 1997 suka haramta bindigar da bututunta bai kai santimita 30 ba ko tsawonta gaba ɗaya bai kai 60 ba. Cikin abin da ya rage wa 'yan ƙungiya akwai irin ta da, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki.

Amurka ce ta fita daban. Can kotun ƙoli ta yanke a 2008 cewa ajiye ƙaramar bindiga a gida don kare kai haƙƙi ne na mutum, don haka dokar tarayya ba ta tambayar dalili, balle ƙungiya. Mai saye daga dillali mai lasisi ya kai shekara 21, ya zama mazaunin jihar, ya cika fom mai lamba 4473, a binciki sunansa a rumbun bayanan FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayya. Jihohi na ƙara nasu: Kalifoniya jiran kwana 10, New York da New Jersey izini kafin saye. Baƙon da ya shiga da bizar karatu ko ta ziyara an hana shi mallaka, sai ƙarƙashin wasu keɓantattun sharuɗɗa, kuma sa wani ya saya maka da sunansa babban laifi ne na ɗauri ga ku biyun.

Tambaya: Idan mutum ya shiga ƙungiya, ya samu bindigar, sannan ya daina zuwa ko ya daina biyan kuɗin shekara, me zai faru?

Amsa: Mun gane inda tambayar ta dosa, kuma masu rubuta dokokin sun riga sun hango ta. Inda ƙungiya ita ce hujjar mallaka, in hujjar ta faɗi izinin ma ya bi ta. A Jamus wajibi ne ƙungiya ta sanar da ofishin makamai duk mai katin makami da ya fita daga cikinta, ba sai an tambaye ta ba. Tun 2020 kuma ana sake duba bukatar mutum bayan shekara 5 da bayan shekara 10. Ana duba wata 24 da suka gabata, a ga ko ya yi harbi da makaminsa sau ɗaya a kowane wata uku, ko sau shida a kowace shekara. Mai doguwar bindiga da kuma ƙarama sai ya nuna ya harba kowane iri. Bayan shekara 10 zama ɗan ƙungiya kaɗai ya wadatar. Wanda ya gaza, ana janye katin, a ba shi wa'adi ya sayar wa mai izini ko a lalata makamin yadda ba zai ƙara harbi ba.

A Ostireliya ƙungiyoyi ne suke miƙa wa 'yan sanda lissafin halartar kowane mamba a shekara, wanda bai cika adadin ba lasisinsa na cikin haɗari. Mai uzuri na gaskiya, kamar jinya ko aikin da ya fitar da shi ƙasar waje, ya rubuta wa hukuma tun da wuri da takardun shaida, kada ya jira wasiƙarsu ta iso. Mai sauya gari kuma ya shiga sabuwar ƙungiyar kafin ya fita daga tsohuwar, ya tafi da littafin harbinsa, don kada a samu giɓi ko na wata ɗaya a tsakani.