Garin magani da mai tsaki-tsaki: amsa ga masu kiwon kaji

Wani mai kiwo daga Daura ya rubuto cewa ya sayi garin amprolium domin zawon jini a watan Yuli, ya yi amfani da rabi, da ya waiwayi ragowar a ƙarshen Agusta sai ya tarar ya dunƙule kamar dutse. Yana tambaya ko ya daka shi ya ba kajin.

Malam, kada ka daka shi. Garin magani yana jan danshi daga iska kamar yadda gishiri ke yi da damina, kuma da zarar ya jiƙe ya dunƙule babu mai iya tabbatar maka da ƙarfin da ya rage masa, ko da wa'adin da ke jikin ledar bai cika ba, domin wa'adin na ledar da ba a farke ba ne. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake mayar da wasu magunguna tsaki-tsaki, wato a tara garin ya zama ƙananan ƙwayoyi kamar tsakin gero, waɗanda ba sa saurin dunƙulewa, iskar hunturu kuma ba ta kwashe su daga bakin cokali. Nan gaba idan ka farke leda, ka nannaɗe bakinta, ka sa ta cikin roba mai murfi nesa da randa. Kuma kada ka haɗa amprolium da bitamin a ruwa ɗaya, saboda yana aiki ne ta hanyar hana ƙwayar cutar samun bitamin B1.

Wata baiwar Allah daga Ƙofar Ƙaura a Katsina ta ce tana zuba garin oxytetracycline, wani maganin ƙwayoyin cuta, a jarka har ruwan ya yi rawaya, ta ƙara ɗan kanwa, jarkar ta kai kwana uku, amma kajin ba su warware ba.

Hajiya, launin ruwa ba ma'auni ba ne. Idan takardar maganin ta ce giram 1 a lita 1, jarka mai lita 25 tana buƙatar giram 25, wato kashi ɗaya cikin huɗu na leda mai giram 100. Cokali ma yana yaudara, domin cikinsa na gari da cikinsa na tsaki ba nauyinsu ɗaya ba, shi ya sa nake ganin ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinare ya fi wani sabon magani amfani a gidanki. Ki fara dama garin a kofi har gudajin su narke, sannan ki juye cikin jarka, in ba haka ba, zai kwanta a gindi, kajin farko su sha ruwa zalla.

Kanwar kuwa ki bar ta gaba ɗaya, domin tana karya wannan magani, haka kuma ruwan rijiya mai zartsi da tsohon kwanon ƙarfe suna kama shi su hana hanji tsotse shi. Rana ma tana rage masa ƙarfi, don haka a haɗa na yini guda kawai, a ajiye a inuwa, a zubar da ragowar washegari. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kaji suna shan ruwa fiye da ƙima, maganin da ke shiga jikinsu ya ƙaru, don haka ki nemi likitan dabbobi ya daidaita miki awon. Idan kuma fakat, wato cutar Newcastle, ce ta kama su, babu garin da zai yi mata magani, rigakafi ake yi tun kafin ta zo. Ki kuma kiyaye kwanakin da takardar ta hana cin nama da ƙwai bayan an gama ba da maganin.

Shi kuwa wanda ya tambaya daga Mai'adua game da zuba garin magani cikin abincin kaji, sai ya fara cakuɗa shi da kwano ɗaya na dusa, ya ƙara wani kwanon, ya riƙa ninkawa har ya game buhun, bayan ya duba lambar NAFDAC a jikin ledar.